Na Sa Ta a Motar Ƙarshe

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin jinya a Daura, ba a taɓa kama ni da sakaci a kan marar lafiya ba. Masifa dai kowa ya shaida ina da ita, ni ma ban musa ba. Ƙananan nas-nas in suka ji ƙarar takalmina a baranda, sai ka ga mai riƙe da waya ta cusa ta a aljihu, mai gyangyaɗi ta wartsake. Ni ce babba a ɗakin kulawa ta musamman, wanda mutanen gari ke kira gobe da nisa, sunan da na tsana, na kuma sha fatattakar mutane a kansa. Gado takwas ne a ɗakin. Ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka wanda ke kan kowanne, da abin da ke damunsa, da yawan iskar numfashin da yake sha. Ina cikin wannan taƙamar tawa wata kwamfuta ta zo ta tona mini asiri a gaban mutane, kuma a kan 'yar da na haifa.

'Yar fari ce, mu kuwa a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Mahaifiyarmu Bafulatana ce daga rugagen wajen Mashi. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba. Ko dai ta ce "wancan", ko ta yi shiru ta nuna shi da haɓa. Da na haifi tawa, ranar da aka yaye ta Yayata ta zo ta goya ta ta tafi da ita gidanta a unguwar Kusugu. A can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. Yayata take kira Inna. Ni kuwa Anti take ce mini, yadda ta ji 'ya'yan maƙwabta suna faɗa. Ban taɓa kiran sunanta ba, in ta kama dole sai in ce 'yar Yaya. Kada wani ya ɗauka ba na son ta. Wallahi son da nake yi mata ban yi wa sauran 'ya'yana huɗu ba, sai dai a wurinmu nuna shi ne rashin ta ido. Mata kan yabe ni a gidan biki, su ce ai wance akwai kara, ni kuma in faɗi gaskiya ina jin daɗin yabon.

A daminar da nake ba da labari ta yi haihuwar farko, ta samu ɗa namiji. Mako uku da haihuwa, ana tsakiyar wankan jego, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara gagara, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Likitanmu ya duba ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Aka turo ta ɗakina, aka kwantar da ita a gado na biyar.

Tun a ranar na danƙa ta a hannun mataimakiyata. Kowace safiya in karanta fayil bakwai daga farko har ƙarshe, na biyar in tsallake shi, mataimakiyata ta karanta ta gaya mini a taƙaice, ni kuma in gyaɗa kai kamar zancen bai shafe ni ba. In ba kowa a kusa, sai in tsaya ta tagar ofishina in hango ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka, in ƙirga a zuci. Duk ma'aikatan sun san abin da ke nan. Ba wanda ya ce uffan, don su ma 'yan ƙasar nan ne, a ganinsu daidai nake yi.

Kwananta shida a gadon aka yi wani ruwa mai iska, tun hantsi har bayan la'asar bai ɗauke ba. Washegari da safe muka tarar bangon gabas na ɗakin ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da hannu zai shiga, ruwa kuma ya bi ta cikin silin ya jiƙa wayoyin lantarki. Masu duba gini suka zo suka ɗaga kai suka sauke, suka ce a kwashe kowa. Gobe da azahar za su yanke wutar ɓangaren, ko mun gama ko ba mu gama ba, don in aka ƙara wani ruwan a haka ba su ɗauki alhakin ran kowa ba. Babu wani ɗaki a asibitin da zai iya riƙe irin waɗannan marasa lafiya. Aka yi waya da babban asibiti a Katsina, suka ce a kawo duka takwas ɗin.

Faɗa ce mai sauƙi. Motar asibiti biyu gare mu, kowace mutum ɗaya take ɗauka in jikinsa ya yi irin wannan nauyin, ga shi zuwa da dawowa da saukewa sai ya ci awa uku da wani abu. Sawu huɗu ke nan, daga asuba har yamma. Injinan da ke tace mana iskar numfashi da wuta suke aiki, in an yanke ta sai tukwanen iska, su kuma manya huɗu ne, da ƙanana 'yan kaɗan. Ga shi ruwan ya rushe wa mataimakiyata katanga, ta aiko cewa ba za ta samu fitowa ba.

Kafin azahar sai ga wata injiniya an turo mana daga Katsina. Yarinya ce Bakanuwa, sa'ar 'yata, da tabarau, da takalmin 'yan tsere a ƙarƙashin abaya, ta rataya jakar kwamfuta. Aka ce aikinta ke nan, tsara yadda za a kwashe masu jin jiki da yawa lokaci guda in ambaliya ko gobara ko annoba ta sa dole a tashi asibiti. Ta daɗe tana gwada abin a kwamfuta da ɗaruruwan majinyata na ƙarya, namu ne na farko da za ta yi da mutane masu rai. Na ja tsaki na ce mata tun ba a yaye ta ba muke kai marasa lafiya Katsina. Ta yi dariya ta ce haka ne Mama, amma ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni ko na taɓa kai takwas a yini guda da mota biyu. Ban taɓa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ta buɗe kwamfutar a kan teburina ta nuna mana, ni da likita. Ga hanyar Daura zuwa Katsina a zane, ga Shargalle, ga Mashi. Kowane marar lafiya ɗigo ne kore da lambar gadonsa. Ta ce za ta gaya wa kwamfutar yawan iskar da kowa ke sha, da ƙarfin jikinsa, da abin da ke cikin kowace tukunya, ita kuma ta yi ta maimaita tafiyar gobe sau ɗaruruwa kafin a yi ta gaske. Wani sawun ta fasa taya, wani ta sako shanu kan titi, wani ta saukar da ruwa, don a ga tsarin da zai kai kowa da rai ko da hanya ta yi gardama. Ta ja kunnena da cewa kwamfutar ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Na ce in dai ni zan gaya mata, to ta kwantar da hankalinta.

Aka kira likita ɗakin tiyata, ya ce mu zagaya ni da ita, duk abin da na faɗa shi ma shi zai faɗa. Muka fara daga gado na ɗaya. Na yi ta zuba mata bayani har da wanda ba ta tambaya ba: dattijon da ke kan injin numfashi, da ɗan acaɓan da ya bugu a kai, da matar da jijjiga ta kama wurin haihuwa, da makiyayin da maciji ya sara. Kowane gado sai na duba ma'aunin iskar da idona, wato ɗan ƙwallon nan da ke tashi cikin gilashi yana nuna lita nawa ke fita, sannan in faɗa. Yarinyar har tana cewa da a ce duk asibiti akwai irina da aikinta ya yi sauƙi. Kaina ya ƙara girma.

Gado na biyar labulensa a ja yake, don mai jego ce, ana tatsar mata nono a kai wa jaririn da ke hannun Yayata a baranda. Na tsaya ta wajen ƙafa, ban yaye labulen ba. Yaya za a yi in tsaya a gaban baƙuwa ina duba 'yar fari, ina tattaɓa ta, ga ƙananan nas-nas suna kallo? Na kafa ido a bango na faɗi abin da mataimakiyata ta gaya mini jiya da safe.

"Wannan da sauƙi. Lita huɗu take sha. Za ta iya jira."

Ta rubuta, muka wuce gado na shida. Duk tsayuwar ba ta kai minti ɗaya ba.

Bayan azahar ta kunna abinta. Muka zuba ido ɗigogi suna fita daga Daura bibbiyu, suna bin zane, suna shiga Katsina kore shar. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, duk haka. Tsarin da kwamfutar ta zaɓa ya sa dattijo mai injin numfashi da ɗan acaɓa a sawun farko, gado na biyar kuwa motar ƙarshe, bayan la'asar, da ƙaramar tukunya guda. Zan faɗi abin da na ji a lokacin. Sanyi na ji a raina. Na ce alhamdu lillahi, ba mai cewa Sista ta sa tata a gaba ta bar 'ya'yan mutane.

Akwai wani tsoho da ke kula mana da tukwanen iska, Baba muke ce masa, shi ke gungurar su daga sito yana ɗaurawa. Bai yi boko ba, amma in ya ƙwanƙwasa tukunya da zobensa zai gaya maka abin da ya rage a ciki. Aka kira shi don a nuna masa wadda za ta shiga kowace mota. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce shi dai bai san na'ura ba, amma lissafin nan bai yi masa ba. Tun asubar yau ya canza wa ɗakin nan babbar tukunya sau biyu, abin da a da sai ya wuni bai yi ba. Na ce masa ya ji da gungurawarsa, ya bar mana lissafi. Ita kuwa yarinyar sai ta cire tabarau ta sa shi ya maimaita. Ta danna wasu abubuwa, sannan ta ce akwai gadon da ke shan iskar da ba a gaya mata ba.

Ba ta nemi rakiyata ba. Ta tashi ta shiga ɗakin ita kaɗai, ina hango ta ta taga tana bin gadaje tana ɗaukar hoton ma'auni da wayarta. Ta zo na biyar ta yaye labulen. Daga inda nake na hango abin da ya kamata in gani tun safe. Ba 'yar siririyar robar hancin nan ba ce a fuskarta. An canza mata zuwa babban abin rufe fuska mai jaka, irin wanda muke sa wa wanda numfashi ke neman ƙwace masa, an kuma ɗauke ta daga inji an ɗaura ta a tukunya. Nas ɗin da ta kwana aiki ce ta yi da asuba, ta kuma rubuta a fayil yadda ya kamata. Fayil ɗin ne ba wanda ya buɗe, tunda mai buɗewa tana gida tana fama da katanga.

Yarinyar ta dawo fuska a ɗaure, likita ma ya fito daga tiyata ya shigo bayanta. Ta goge huɗu ta rubuta goma sha biyar. Ba ta taɓa tsarin ba, ta bar shi yadda yake, ta danna.

Ɗigogi suka fara fita. Na biyar yana zaune a Daura yana jira. Agogon kwamfutar ya nuna azahar, aka yanke wuta, sai ɗigon ya koma ruwan ɗorawa. Motar ƙarshe ta ɗauke shi, ta fita gari, ta wuce Shargalle, ya koma ja. An wuce Mashi da kaɗan ya yi baƙi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne motar ba ta tsaya ba. Haka ta ci gaba da bin zanen nan da baƙin ɗigo a cikinta har ta shiga Katsina.

Ta sake dannawa. Wannan karon shanu suka tare hanya, ko Shargalle bai kai ba. Ta sake, ba shanu, ba ruwa, ba faci, hanya fetal, ya yi baƙi ana hango garin Katsina. A wani bugun ma tun a kan gadonsa a Daura ya yi baƙi, mota ba ta dawo ba. Ban san sau nawa ta danna ba. Ni dai na san ina tsaye na dafa bayan kujera. Na sha rufe wa mutane ido, na sha ɗaure haɓa, ban taɓa jin abin da na ji a gaban gilashin nan ba. Ina kallo 'yata tana mutuwa ana maimaitawa, kuma da lissafin da ya fito daga bakina.

Sai yarinyar ta juyo ta wanke ni tas. Duk ladabin nan na safe ya tafi. Ta ce gado bakwai na duba da idona, me ya hana ni duba wannan? Ta ce da Baba bai yi magana ba, da gobe war haka gawa za a sauke a Katsina, kuma da sa hannunta a takardar. Ta tambaya ko baiwar Allahn nan ba ta da kowa ne shi ya sa aka yi mata riƙon ko oho. Sannan ta ce:

"Mama, don Allah, da 'yarki ce a kan gadon nan, haka za ki ce da sauƙi ba ki ɗaga labule ba?"

Likita ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Baba ya yi salati ƙasa-ƙasa ya juya fuska bango.

Wallahi abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce 'yar Yayata ce. Har ya hau kan harshena, don shekara ashirin da huɗu shi nake faɗa. Na dubi baƙin ɗigon nan da ke kan gilashi, na haɗiye shi.

"Ni na haife ta."

Ban taɓa faɗin haka da baki ba, balle a gaban maza. Yarinyar ta toshe baki da hannu. Ta dube ni, ta dubi likita, ta sake dubana kamar ta ga abin tsoro. Likita ne ya yi mata bayani a hankali, ya ce 'yar fari ce, kunya ce. Ta ce ta san abin, kakarta ma tana yi, amma ita ta ɗauka a kan suna ya tsaya. Ta fara ba ni haƙuri, na ce ta bari, ba ta faɗi abin da ba shi ba ne.

Ta koma kan kwamfutar ta sa ta sake tsarin daga tushe. Ya fito da gado na biyar a motar farko, da babbar tukunya da wata a ajiye, dattijo mai inji a ta biyu, makiyayin da maciji ya sara a ta ƙarshe tunda shi ya fara cin tuwo ma. Takwas suka shiga Katsina kore. Ka san abin da na yi? Buɗe baki na yi na tambaya ko babu wani tsarin da za a sa ta ko a sawu na biyu ne, don gobe duk Daura za a ce na fifita tawa. Ni da kaina na ji maganar tana fita, na kuma ji tsoron matar da ke faɗinta. Yarinyar ta ce kwamfutar ba ta san 'yar kowa ba, ta juya jerin ta kowace fuska, wannan ne kaɗai ke kai su duka. Likitan nan da ya tarar da ni a asibitin, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya zare takardar tsarin daga hannuna ya sa hannu da kansa. Ya ce gobe ni zan shiga motar farko, shi zai tsaya a ɗakin har gado na ƙarshe ya fita, kuma ba shawara yake nema ba.

Daga nan na wuce gado na biyar na ɗauki fayil na karanta shi tun daga shafin farko, a tsaye, kowa na kallo. Ƙwallon ma'auni yana can ƙololuwa. Leɓɓanta sun yi duhu, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi, idonta a lumshe. Na kama hannunta don in ji bugun jini, sai na tuna rabon da in riƙe hannun nan tun tana rarrafe. Da wata ƙaramar nas ce ta yi abin da na yi, da ranar ta bar aiki a hannuna.

Da aka idar da sallar asuba muka ɗora ta. Yayata ta biyo mu bakin mota da jariri a baya, ta ga na tattare siket zan shiga, ta riƙe haɓa ta ce mini a kunne wannan wane irin rashin kunya ne, ba wata nas ɗin ne? Na shige motar. Ita ba ta ga abin da na gani ba, har yau kuma ban gaya mata ba.

Mun wuce Shargalle lafiya. Gab da Mashi muka tarar ruwa ya cinye gefen wata kwalbati, babbar motar shanu ta kafe a wurin, motoci da babura sun yi cirko-cirko. Direbanmu ya yi ta jiniya, mutanen kirki suka yi ta ƙoƙarin buɗe mana hanya ta cikin gona, amma sai da muka shafe fiye da rabin awa. Ina zaune ido a kan allurar tukunya tana sauka. Mun fita daga Mashi da kaɗan babbar tukunyar ta kai ƙarshe, na kwance na ɗaura ta ajiyar da hannuna. Na leƙa ta taga na ga gonakin gero da wata bishiyar kuka, na gane wurin. Nan ne ɗigon yake yin baƙi jiya. Da ƙaramar tukunyar nan aka ba ta, ko rabin jiran kwalbatin ba za ta kai ba.

Kafin magariba duka takwas suka isa. Yarinyar ta kira ni a waya ta gaya mini, sannan ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Surutu kuwa an yi shi. A wani gidan suna na ji da kunnena wata tana cewa ashe karar Sista ta baki ce, da ta ga uwar bari ai tata ta fara ɗauka. A da da na ji irin wannan sai na kwana uku ban ci abinci ba. Ranar ko kallonta ban yi ba, na ci gaba da cin waina.

'Yar tawa ta yi kusan wata a Katsina, aka sallamo ta gidan Yayata da sharaɗin ba wankan ruwan zafi, ba kunun kanwa, ba gishiri. Wata Juma'a da hantsi na je duba ta. Yaya ta fita unguwa, sai mu biyu a ɗaki, da jaririn yana barci. Ta rame, amma numfashi ya daidaita. Tana zaune bakin gado tana ninke kayan jariri, ni ina kan tabarma ina duba magungunanta, don shi ne abin da na iya. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Anti, ranar nan na ji ki. Labule ne kawai tsakaninmu."

Kwalin maganin ya suɓuce daga hannuna. Ni duk zatona ba ta cikin hayyacinta a lokacin.

Ta ce ta ji sarai da na ce lita huɗu, ta kuma san an ƙara mata da asuba, don tana ji nas ɗin na faɗa. Ta so ta cire abin fuskar ta yi magana, hannunta ma ya kai. Sai ta ga in ta yi haka ta ƙaryata ni a gaban baƙuwa, ni da duk asibitin ke tsoro. Daga baya ta ji ƙananan nas-nas suna cewa ita ce motar ƙarshe.

"Sai na riƙa jan numfashin a hankali, ko iskar za ta kai ni yamma. Ban ji haushi ba, Anti. Na san ba za ki sa ni a gaba ba."

Haka ta faɗa, ba kuka, ba gori, kamar mai ba da labarin farashin tumatir, ta ci gaba da ninke 'yar riga. Na so ta zage ni. Na so ta ce na cuce ta. Babu ko ɗaya, don a wurinta abin da na yi shi ne abin da uwa take yi, kuma ni na koya mata.

Na zauna ina kallon ƙeyarta, na ji sunan nan yana tasowa daga ƙirjina, sunan da aka raɗa mata ina ɗaki ina sunkuyar da kai, wanda ban taɓa furtawa ba ko a addu'a sai dai a zuci. Ya yi mini nauyi a baki. Na daure na kira shi.

Ba ta dube ni ba. Ƙofa ta waiwaya, don ta ga wanda ya shigo.